Ranar da Kinue Ta Fita da Filafili

Yayata Kinue ta girme ni da shekara shida, kuma har yau da nake da jikoki uku, in na shiga gidanta sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame. Ni ban taɓa ramewa ba tun da aka haife ni. Sunana Tomie. A Tsubaura, garinmu na bakin teku, ni aka sani da baki, ita kuma aka san ta da kifi.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Motoharu, lokacin da mazan garin suka gaji da bin kifi cikin teku suka koma kiwonsa a ƙofar gida. Kowa ya kafa dandamalin katako a tsakiyar lungun ruwanmu, ya rataya kejin raga a ƙarƙashi, ya zuba 'ya'yan tai, jan kifin nan da ba a biki sai da shi. A zamanin, ɗanyen kifin sadin ake ba su, da shebur. Kinue 'yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai kafaɗata, amma ta fi mijinta iya watsa shebur. Kifi su ci rabi, rabi ya nutse, babu wanda ya tambayi inda yake zuwa. Teku ce ai, wa zai cika ta?

Shekarar da Motoharu ya rasu aka ɗago ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe keji a ƙasa, don a sake masa igiya. Ya fito lulluɓe da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, babu ko tsutsa ɗaya a ciki. Ina cikin jirgin ranar. Kinue ta sa yatsa ta lakato, ta shinshina, ta ce, "A nan Baba yake kamo mana kaguwa." Na san ta. Ta ɗauki lakar nan ta ɗora wa kanta, kamar ita kaɗai ta taɓa riƙe shebur a garin.

Mutane sun ɗauka za ta sayar da kejin ta huta. Ina! Rage su ta yi zuwa uku, ta ci gaba ita kaɗai.

Ni a gidan miso nake aiki, can saman tudu, inda muke haɗa sha'ir da waken soya da gishiri mu bar su su nuna, su zama kayan miya irin daddawa. Muna da tankin da muke rainon yis a ciki, shi ke ba miso ƙamshinsa. Abin da ya kwanta a gindin tanki zubarwa muke yi. Wata rana wani malami daga tashar binciken kifi ya zo taron ƙungiyar masunta, ya ce a ɓawon yis akwai wani sinadari da ke ƙara wa kifi ƙarfin jure cuta. Maza suka yi ta hamma suna duba agogo. Washegari sai ga Kinue a ƙofar wurin aikina da bokiti.

"Abin da kuke zubarwa nake so," in ji ta.

"Yaya, bara kika koma?"

"Cika min, uwar surutu, kifi na jira."

Daga ranar, duk Alhamis ni ke sauke mata bokiti ɗaya. Ta wanke gishirin, ta kwaɓa yis ɗin da garin abincin kifi, ta murza shi ƙwallo-ƙwallo kamar kan babban yatsa. Da hannu take jefawa, kaɗan-kaɗan, tana kallon bakinsu, in ta ga sun fara sanyi sai ta tsaya, don kada ko ɗaya ya nutse ya ƙara wa lakar. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Ko yis ɗin ne ko hannunta ne, ni ban sani ba, amma ta daina zuba maganin kanti a abinci, kuma kifinta ya yi suna. Ita dai ta yarda da yis ɗin nan fiye da yadda ta yarda da likitanta.

Sai wannan damina da nake son ba ku labari. An yi kwana shida ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sannan ya ɗauke, rana ta buɗe, iska ta tsaya cak. Duk wanda ya girma a Tsubaura ya san abin da ke biyo bayan wannan, shi ya sa gaisuwa ma ta gajarta a hanya. Ranar Laraba da safe lasifikar ofishin ƙungiya ta yi ƙara, muka ji muryar Seike Noboru, mai auna mana ruwa. Ya ce jan ruwa ya shigo.

Jan ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, in sun samu zafi da abin ci sai su hayayyafa har teku ta koma kalar shayin da ya kwana a buta. Abin cin kuwa mu muka tara musu: lakar ƙasa, da takin gonakin lemu da ruwan sama ke wankowa daga tuddai, da ruwan wanke-wanken gidajenmu. A sama suke taruwa, mita biyu ko uku. Kifin da ya shiga cikinsu numfashinsa ke lalacewa. Wanda ya lafe can ƙasan raga, cikinsa wayam, yakan tsira. Saboda haka doka biyu ce, kuma ko jariri ya san su: kada a ba da abinci, kada a tayar da inji a cikin lungun. Kifin kiwo ya san ƙarar jirgi, yana ji zai taso neman abinci.

Kinue na da kifi dubu talatin a keji ukun nan. Shekara biyu tana rainon su, saura wata biyu a kwashe. Shekarunta sittin da shida, gwiwarta ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai. Ni da ita mun sani, ba tare da mun faɗa wa juna ba, cewa in waɗannan suka mutu ba za ta sake zuba wasu ba, wurinta a ruwa kuma wani za a ba. Abin da ake bukata daga gare ta guda ɗaya ne, ta zauna a gida. To, a nan gizo ke saƙar. Ni dai abin da na sani, yayata ba ta taɓa zama ba.

Kwana uku na farko ta wanke jirgi, ta ɗinke ragar da ba ta yage ba, ta share ɗakin ajiya sau biyu. Daga nan ta faɗa wa kicin. Na shiga ranar ta biyar na tarar da tukunyar shinkafa mai isar mutum goma, ga dafaffen kabewa, ga soyayyen ƙwai an jera.

"Yaya, wa zai ci wannan duka?"

"Ke mana. Dubi wuyanki."

"Wuyana lafiyarsa ƙalau. Ke kin ci?"

Idonta na kan taga. Daga kicin ɗinta ana hango dandamalinta sarai, ga ruwan kewaye da shi ja-ja-baƙi, ko motsi babu. Na lura ta mayar da kujerarta ta fuskanci can.

Yanzu ga laifina, ba zan ɓoye ba. Ranar ta tara Alhamis ce. Na wanke tanki kamar kullum, na cika bokiti kamar kullum, ƙafata ta sauko da ni tudu ba tare da kaina ya sani ba. Sai da na dire shi a ƙofarta na tuna. Na sunkuya zan ɗauka, ta riga ni.

"Bar shi. Zan ajiye sai ruwa ya washe."

"Zai lalace a zafin nan. Kawo in zubar."

"Na ce bar shi, Tomie."

Da na san abin da nake yi, da na fizge na juye a kwata, ta zage ni ta huce. Amma kunyar yaya ba ta barin mutum ko ya tsufa. Na tafi na bar shi. Yis abu ne mai rai, in ya ji ɗumi sai ya kumbura ya yi ta tsartuwa. Kwana biyu bokitin nan yana ɗakin ajiyarta yana kumfa, ƙamshinsa ya cika gidan, tana shiga tana fita tana jin sa.

Ranar ta goma sha ɗaya na same ta a matsayar jirage, ta tsare Noboru yana ɗebo ruwa a kwalba. Noboru ya haura hamsin, har ya fara sanƙo, amma a gabanta har yanzu sai ya riƙa sosa ƙeya.

"Yau yaya?" ta tambaye shi.

"Sun ƙaru, Inna. Sun fi na jiya."

"Kwana goma sha ɗaya ba su sa komai a ciki ba."

"Tai yana yin wata guda bai ci ba, bai mutu ba. Ke kika koya min."

"Lokacin da na koya maka, kifin wani ne."

Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce na kejin gabas sun yi ciwon fata kafin damina, ba su gama murmurewa ba, yunwa za ta dawo musu da shi. Ta ce ba abinci take magana ba, abinci kam ta san doka. Yis ɗin ai magani ne, tafi biyu kawai, abin da zai riƙe su.

"Inna, ko magani ne ta baki zai shiga," in ji Noboru. "Kuma sai sun taso za su karɓa."

"Na ji."

Wannan "na ji" nata na san shi tun ina yarinya. Na bi ta gida na ce ta ba ni makullin jirgi. Ta cire shi daga ƙusa ta miƙo min ba musu, har da cewa in gaida mijina. Na hau tudu ina jin daɗi, wai ni mai wayo.

Washegari da misalin bakwai na safe ina tafiya aiki, na kai kwanar da ake ganin lungun gaba ɗaya, na waiga kamar yadda kowa ke waigawa a kwanakin nan. Sai na ga wani abu yana tafiya a kan jan ruwan, a hankali, ba ƙara. Tsohon kwalekwalen babanmu ne, na katako, wanda ya shekara ashirin kife a bayan gidanta. Tana tsaye a baya tana murza dogon filafili, hagu, dama, kamar yadda Baba ya koya mana kafin a san inji. A gabanta ga bokiti.

Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na sauko tudun nan da gudu, ni da rabona da gudu tun ɗana na fari yana rarrafe. Na kira wayarta ina haki, tana ta ƙara ba a ɗauka. Daga baya a kan teburin kicinta na ga wayar. Kafin in isa matsaya maza sun taru, har da tsoho Akamatsu da sandarsa, kowa ya sa hannu a goshi yana kallo. Ta riga ta kai kejin gabas ta ɗaure kwalekwale.

Na kama rigar Noboru. "Tayar da jirgi ka bi ta. Me kake jira?"

"In na tayar, kifin garin nan duka zai taso, ba nata kaɗai ba."

"To mu tsaya muna kallo?"

Jirage goma sha biyar a ɗaure a gabanmu, kowanne da mai a tanki, minti uku zai kai mu wurinta, kuma babu wanda za a taɓa. Muna gani ta durƙusa a bakin keji da gwiwarta mai ciwo, ta sa hannu a bokiti, ta jefa. Ko daga nesa mun ga ruwan ya fashe. Kwana goma sha biyu suna jira. Gaba ɗaya suka taso, dubu goma, suna turereniya a cikin jan ruwan, tafi biyun da ta ce ko bakin na gaba bai isa ba. Ta ƙara. Ta kuma ƙarawa. Ta daɗe a durƙushe tana kallon su.

Da ta miƙe ta ɗauki bokitin ta nufi keji na biyu a kan katako, sai na tuna da lasifika. Na tambayi Noboru ko ƙararta za ta tayar da kifi, ya ce ƙarar da ke cikin iska ba ta kai musu. Na shiga ofishin, na ture masa takardu, na danna abin.

"Yaya Kinue. Tomie ce. Ajiye bokitin nan."

Muryata ta daki tudun da ke tsallake ta dawo. Ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da ɗingishi.

"Duk gari na kallon ki. Yaya, don girman Baba ki ajiye."

Ko waigowa ba ta yi ba. Noboru na tsaye a taga da madubin hangen nesa. Ya sauke shi, fuskarsa ta canza, ya ce min a hankali, "Sun fara juya ciki sama."

Na ce, "Yaya, kada ki saurare ni. Waiga kawai ki dubi kejin da kika bari."

Ta waiga. Ta ajiye bokitin a kan katako. Ta koma baya taku huɗu ko biyar, ta leƙa, sannan ta zauna daɓas a wurin, ƙafafunta a miƙe kamar na yarinya. Na saki abin magana, sai na ji ashe kuka nake yi, kuma rabin gari ya ji.

Mataccen kifi ba a barin sa a ruwa, in ya ruɓe zai kashe na kusa da shi. Babu wanda ya kira taro. Maza suka watse, can sai ga su suna fitowa da filafilai daga saman rufi da bayan ɗakunan ajiya, wasu har gara ta fara ci. Tsoho Akamatsu ya zauna a bakin matsaya yana yi musu tsawa, wai shekara talatin na inji sun mayar da su mata masu tuƙa tuwo, har sai da matar Noboru ta ce masa ya iya bakinsa. Jirage biyar suka fita da hannu, suna karkacewa. Ina cikin na farko.

Kafin rana ta take, saman kejin gabas ya rufe da fararen cikkuna. Muka yi ta kwasa da koma har yamma, a hankali, ba buga katako, ba ɗaga murya, don kada na sauran kejin su ji. Kinue ta kwasa tare da mu. Ba wanda ya ce mata don me. Ni da na tanadi maganganu cike da baki tun daga tudu, ko ɗaya ban iya furtawa ba. Wajen la'asar ta ɗauki wani babba, ja sosai, irin wanda ake sa wa amarya a faranti, ta zaro wuƙa ta tsaga cikinsa. Ƙwallon yis ɗin na nan guda, yadda ta murza shi, ko narkewa bai fara ba. Ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe.

Da muka sauka ta wanke hannu a famfon matsaya, ta ce, "Tomie, ɗakin nan naki na baya, mai kallon dutse, akwai kowa a ciki?"

"Babu."

"Ki tafi da ni. In na zauna ina hango sauran, zan sake."

Kwana takwas ta yi a gidana. Jan ruwan bai tafi ba, keji biyu na can, dubu ashirin, ba mu san ko suna raye a ƙasa ko sun mutu ba, don ba mai zuwa ya leƙa. Kullum ƙarfe biyar na safe sai in ji ta tashi. Ta sa kayan aiki, ta sa takalman roba, ta zauna a dakalin ƙofa ta juya wa teku baya, hannayenta a kan cinya suna motsi su kaɗai. Ni kuma in tsaya a kicin ina yanka abin da ba ya bukatar yanka, kunnena na kan ƙofa. Mijina ya ce mu biyun za mu sa masa hawan jini.

A kwana na bakwai iska ta taso daga kudu, teku ta yi ta tuƙa kanta. Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Noboru ne. Ya ce ruwa ya washe, ya auna wuri huɗu, ya fita da filafili ya leƙa da kansa, keji biyun suna nan da ransu, sun dai rame. Ƙungiya ta ce a fara ba da abinci yau, kaɗan-kaɗan.

Na fita da gudu na miƙa mata wayar. Ta sa shi ya maimaita. Ta tambaye shi mita nawa ya auna, da ƙarfe nawa, ko ya duba ta gefen duwatsu inda ruwa ke kwanciya. Ya amsa duka. Ina jin muryarsa yana cewa ga jirginsa a shirye, ya zo ya ɗauke ta?

Ina kallon hannunta na hagu, ya damƙe gwiwarta har jijiyoyi sun fito.

"A'a," ta ce. "Ka sake aunawa gobe. Mu ƙara musu kwana ɗaya."

Ta miƙo min wayar. Daga ƙasan tudu muka ji injin farko ya tashi, sai na biyu, sai gari duka. Ta sunkuya ta cire takalman robar, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a bakin ƙofa, ta shiga ɗakin baya ta ja ƙyaure.